Ɗakin da Sauro Ba Ya Kwana

Ɗansoshiya, ta Kiru

Zuwa ga Yayata Shamsiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jego, ya jaririnmu Zayyad, ya maigidanki da mutanen Doguwa? Inna tana yi miki barka. Ta ce ko da yake yayarta ce ta haife ki, ita ya kamata ta zo ta yi miki wankan jego, ki yafe mata, yanzu za ki ji dalili. Tunda ƙauyenku babu sabis, na saka takardar nan cikin littafin da kika ara mini, Goggo Saude za ta ba maigidanki in ta kai daddawa kasuwar Tudun Wada.

Yaya, gidanmu ya faɗi. Ruwan ƙarshen damina ne ya jiƙe ginin, da hantsi muna tsakar gida sai muka ga ɗakin Inna ya durƙusa kamar raƙumi. Alhamdu lillahi babu kowa a ciki, sai kwanukan Inna da wayarta da akwatin littattafaina. Kaɗan na tono, su ma sun kumbura.

Kin tuna tsohon siton ƙungiyar manoma na bayan firamare, wanda muke rugawa a guje in za mu wuce? To a nan muke yanzu. Mai unguwa da dattawa suka ce maimakon a bar wa jemagu, gara a gyara wa mutane. Alhaji Lado mai sayen wake ya ba da bulo da siminti, samari suka yi aikin gayya. Aka yanka ɗakuna huɗu ga waɗanda gidajensu suka rushe, tsakiya aka bar ta fili, da safe matan gari su yi islamiyya, da yamma a koyi ɗinki. Ɓangaren gabas aka bar wa Alhaji yana ajiye buhunansa, ƙofarsa daban ta waje. Ɗakinmu ne a jikin nasa. Bulo ya ƙare bango bai kai kwano ba, sai aka ja tamfol aka rufe saman don kada a hango matan aure. Maza ba sa shigowa wajenmu sam, Baba ma a rumfar waje yake kwana da sauran magidanta.

Wurin da girma, Yaya, ga 'yan tagogi can sama kusa da kwano, rana tana shigowa ta ciki kamar igiya. Autarmu Humaira, da shekararta uku, ta gano in ta ƙwala kiran sunanta rufin yana maimaita mata, wuni take tana yi. Da farko ɓeraye da sauro sun dame mu, amma tunda aka fara kawo sabon wake, ɗakinmu ko sauro ɗaya babu. Iya Kande ta ɗakin ƙarshe har tsiya take mana, wai mu ne 'yan gata.

Akwai maganar da ba zan iya faɗa wa kowa ba sai ke. Don Allah in kin karanta ki saka a murhu. Ɗan Alhaji, Mas'ud, shi yake kawo buhunan a amalanke. Ban taɓa yi masa magana ba, ta ramin ƙyaure nake ganinsa. Yana da wata irin dariya, sai ya sunkuyar da kai tukuna. Duk ranar da ya sauke kaya ya tafi, washegari sai in tashi kaina yana sarawa, ƙirjina kamar an ɗora dutsen niƙa, abinci ba ya shiga, in na miƙe jiri ya ɗebe ni. Sai na fara warwarewa ya sake zuwa, abin ya dawo sabo. Gadona a jikin bangonsu yake, in na kwanta ina jin motsinsa yana jera buhu. Yaya, ba haka ake rubutawa a littafi ba? Ni dai ban san da ciwo haka sosai ba. Tsoro nake ji.

Ki aiko mini da wani littafin, mai ƙarshe mai daɗi.

Ƙanwarki,
Raihana

*

Doguwa

Raihana 'yar gidana,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Zayyad sai tsotso da kuka, ni kuma ruwan zafi ya kusa dafa ni. Labarin gidan ya girgiza ni, na yi kuka har surukata ta yi mini faɗa wai zan ɓata nono. Ki jajanta wa Inna da Baba, Allah ya mayar da alheri. Allah ya saka wa Alhaji Lado, samun irinsa sai an tona.

To, malama mai ramin ƙyaure! Yarinyar da in baƙo ya yi sallama take shigewa bayan randa, yau ita ce da ciwon ƙirji? Na yi dariya har na tayar da Zayyad. Ciwon nan na san shi, ni ma lokacin da Abban Zayyad yake zuwa zance tuwo gagara ta yake. Ba ya kisa, sai dai ya ramar.

Ga shawarata, ki riƙe ta da kyau. Kada ki kuskura ki riƙa giftawa ta ƙofar siton in ya zo. Ki ja aji. Ranar da ya kawo kaya ki shige ɗaki ki ja ƙofa, ki kwanta a gadonki da littafinki, ki wuni a nan. In yana da ido zai lura ba ya ganin gilmawarki, shi zai nema. In bai nema ba, samari ba su ƙare a Kiru ba.

Ga littafin nan, ƙarshensa aure ne da mota. Takardarki ban ƙone ba, na ɓoye a ƙasan adudu, ranar bikinki zan karanta wa ƙawaye.

Yayarki,
Shamsiyya

*

Ɗansoshiya

Yaya Shamsiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da Zayyad. Mu kam sai godiya, amma ba lafiya ba.

Na bi shawararki. Ranar da Mas'ud ya zo na ja ƙofa na wuni a gado. Da yake an fara sanyi, Humaira ma ta baro shimfiɗar Inna ta bakin ƙofa ta dawo bayana, wai na fi ɗumi. Washegari da na ɗauki tsintsiya, Yaya, sai na ga tsaka a ƙasa ta yi rigingine. Na matsa gaba, ga wata. Ina tsaye wata ta saki bango ta faɗo a gabana, ba wanda ya taɓa ta. Da rana tsaka ɓera ya fito tsakiyar ɗaki yana tangaɗi kamar mashayi, ya kwanta bai ƙara tashi ba. Kazar Inna da take kwanci a ƙarƙashin gadona, mun same ta ta sandare a kan 'ya'yanta. Kuma akwai wani wari da yake zuwa ya tafi, kamar na tafarnuwa, alhali ba mai girki da ita a nan.

Sai Humaira ta fara amai. Ba zazzaɓi, jikinta ma sanyi ƙalau, amma tana kama ƙirjinta tana cewa, "Yaya, nan, nan." Idonta ya faɗa. In ta miƙe sai ta dafe bango, yadda nake yi.

Yaya, ki faɗa mini gaskiya. So yana kama yarinya 'yar shekara uku? In ba ya kamawa, to ni mene ne yake damuna tun farko?

Baba ya sayo maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis, Inna ta ce masa, "Malam, wane sauron?" An karɓo rubutu, tana sha tana amayarwa. Iya Kande ta shigo ta ga tsakar da na tara, ta ja da baya tana salati. Ta ce dama ta faɗa, gini ba ya shekara da shekaru a rufe a ce babu masu shi, mun shigo musu ba sallama. Ta ce ta tagogin sama suke shiga da fita tare da jemagu. Nan take mata suka jawo tsanin da magina suka bari, aka cusa tsummoki da tsofaffin buhuna a kowace taga, tun daga ɗakinmu har ƙarshen ginin. Aka rataya bargo a ƙofarmu, aka yi hayaƙin habbatus sauda. Ta ce kada a kuskura a fitar da yarinyar iska ta buge ta. Yanzu ɗakin duhu ne ko da azahar.

Ta kuma kalle ni ta ce budurwar da take karatun soyayya da almuru ita take kiran su. Na cusa littafinki a cikin buhun dussa. Tun ranar nake tunani, wanda nake hangowa ta ramin ƙyaure, anya Mas'ud ne kuwa? Na karanta irin wannan, ya zo da siffar wanda kike so. Ko leƙen na daina.

Matan islamiyya sun ragu, masu ɗinki sun fara kwashe kekunansu, a gari ana cewa siton ba ya zaunuwa. Inna ta roƙi Baba mu koma ko kangonmu ne mu kafa zana. Ya ce mutum ya kashe kuɗinsa ya rufa mana asiri, in muka fita kamar mun tona masa ne, kuma sauran ɗakunan duk watsewa za su yi, su tafi ina?

Abu ɗaya na lura. Ranar da Inna ta je roron wake na saci jiki na goya Humaira zuwa famfo, a can har ta nemi in saya mata rake. Muna dawowa ta kwanta. Ban faɗa wa kowa ba, kada a ce na karya dokar Iya Kande.

Ki sa mu a addu'a. Ki ba ni amsa da wuri.

Raihana

*

Ɗansoshiya

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Goggo Saude ta dawo daga Tudun Wada hannu biyu, ta ce ba ta ga maigidanki ba, ta bar takardata a wurin mai shayin da yake zama. Ban sani ba ko ta iso, ko ta iso kin yi fushi ne don na ce na fara shakkar maganarki. In fushi ne ki yi haƙuri, ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Humaira ta daina kiran sunanta. Jiya na kira mata da kaina don ta yi dariya, rufin ya amsa, ita ba ta ko juyo ba. Numfashinta yana fita da ƙara kamar ana jan zare a cikin gwangwani. Inna ma yanzu da ciwon kai take tashi, jikan Iya Kande ya fara amai. An ƙara toshe inda haske yake ɗan shigowa.

Ni kuma ina jin tsoron barci, ina jin tsoron farkawa in taɓa ta. Da safe kafin in buɗe ido sai in miƙa hannu in ɗora a cikinta in ji ko yana motsi.

Na ji Baba yana cewa wake ya yi kyau bana, Alhaji ya sayi mai yawa a Bebeji, wannan karon ba amalanke ba, mota guda za a kawo bayan kasuwa. Ban san me ya sa ba, da na ji haka sai gabana ya faɗi. A da murna nake in an ce zai zo.

Don girman Allah ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Raihana

*

Doguwa

Raihana,

Wa alaikumus salam, muna lafiya, sauran gaisuwa sai wani lokaci. Takardunki biyu yau suka iso tare, Abban Zayyad ya kai masara Saminaka bai je kasuwa ba. Ban jira Goggo Saude ba, direba na ba wa wannan.

KI FITAR DA HUMAIRA DAGA ƊAKIN NAN YANZU. Kafin ki gama karantawa ma.

Ba so ba ne, ba aljani ba ne. Maganin wake ne. Akwai wata ƙwaya da masu ajiyar hatsi suke ƙullewa a tsumma su cusa cikin buhu don ƙwari, 'yan kasuwa suna ce mata bom. Ba a ganin hayaƙinta, sai dai warin tafarnuwa. Mu nan in an sa wa masara, ɗakin kulle shi ake da kwaɗo, ko akuya ba a ɗaurewa a jikinsa. Bara ɗan tunkiyar maƙwabtanmu ya kwana a bakin ƙofar, da safe sai gawa. Duk zuwan Mas'ud sabon buhu ne da sabuwar ƙwaya, shi ya sa ciwonki yake bin zuwansa. Tamfol ido yake tarewa, ba ya tare wannan. Tagogin da kuka toshe su ne suke fitar da shi tun farko. Kun rufe kanku a cikin buhu, Raihana, ku ne ƙwarin.

Kin rubuta mini babu sauro tun a takardar farko, ni matar mai masara, na wuce wurin ina dariya, har na ce ki ja ƙofa ki kwanta. Ki bar ni da wannan, ni da Allah.

Na saɓa Zayyad na hau dutsen bayan gari inda ake samun sabis, surukata tana bina da faɗa, na kira Baba. Ya saurare ni, ya ce to, ai Alhaji ya fi mu sanin kayansa, shekara nawa yana sana'ar wake, ba zai je ya ce wa mutumin da ya ba shi ɗaki ya kwashe dukiyarsa ba, amma zai nemi lokacin da ya dace ya ɗan taɓa masa maganar. Na sake kira, ba ta shiga. Kin san Baba da kara. Lokacin da ya dace ba zai zo kafin motar nan ba.

Saura ke. Na san ko gaisuwa sai kin haɗa gumi. Amma kin iya goyo, za ki iya hawa tsani, kuma bakinki ba a ɗinke yake ba. In sun ce kin yi rashin kunya, ki ce ni na sa ki. A kai ta asibiti, a faɗa musu sunan maganin.

Ba zan runtsa ba sai na ji daga gare ki.

Shamsiyya

*

Ɗansoshiya

Yayata Shamsiyya,

Assalamu alaikum. Bari in fara da abin da kike jira: Humaira tana da rai. Ya Zayyad, ya ƙafafunki bayan hawan dutse? Inna ta ce in gaya miki ba ta da bakin godiya. Ki yi haƙuri da jinkirin, sai yanzu na samu kaina.

Da hantsi direban ya aiko da takardarki. Ina karɓa ina jin ƙugin mota a bayan gini, a-kori-kura ce shaƙe da buhuna. Na karanta a tsaye. Na leƙa ramin ƙyaure, sai ga Mas'ud ya fito da wani gwangwani dogo daga gaban mota, ya ɗaure hancinsa da ƙyalle kafin ya taɓa murfin. Sau nawa na ga ya yi haka, Yaya. Ni a zatona ƙura yake gudu, har kyau yake yi mini.

Na karanta wa Inna. Ta dafe ƙirji, ta kalli ƙofa, ta ce, "Bari babanku ya shigo." Ban san lokacin da na sunkuci Humaira ba. Ba ta da nauyi ko kaɗan, kanta yana lilo a bayana. Na yaye bargon ƙofa na fita, Inna tana bina tana, "Ke Raihana, iska! Iska!" Na shimfiɗa ta a gindin darbejiyar firamare na ce, "Inna, iskar nake nema mata." Inna ta dube ni, sai ta zauna ta ɗora kan Humaira a cinya.

Na koma na jingina tsani. Ban taɓa hawa abin da ya fi turmi ba. Ina fizgo tsummokin ina jefarwa, rana tana faɗowa cikin ɗaki, Iya Kande a ƙasa tana tafa hannu tana kururuwa, "Jama'a ku zo, sun hau kanta! Dama na faɗa, littattafan nan!" Ba wadda ta yarda ta matso ta riƙe ni, tsoro suke kada abin ya koma kansu. Wannan ne ya taimake ni.

Amma motar tana nan, an fara kwance igiya. Alhaji Lado yana zaune a benci a bakin siton, Baba a gefensa a tsugune, da mai unguwa, da masu dako. Yaya, na tsaya a kusurwar gini. Na tsara magana a raina irin ta littafi, mai tsawo, duk ta gudu. Sai na tuna sharar safe ban zubar ba. Na juye ta a tsohuwar ƙwarya, na rufe da faifai, na fita.

Na durƙusa na ce, "Ina wuni, Alhaji," alhali hantsi ne. Wani mai dako ya yi dariya. Baba ya zaro ido ya ce, "Ke lafiya? Koma ciki."

Alhaji ya ce, "Bar ta, Malam Uba. 'Yan mata, me aka kawo mana, fura?"

Na ajiye ƙwaryar a gabansa. Sai na ɗage faifan. Tsaka, da ɓera, da kyankyasai sun yi rigingine, da ɗan tsakon ƙarshe da ya rage mana.

Dariyar ta tsaya. Alhaji ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Daga ina wannan?"

Na ce, "Ƙarƙashin gadonmu."

"Gadon naku yana ina?"

Na nuna bangon da hannu. Ya juya ya kalli siton, ya ɗaga kai ya kalli tagogin sama, ya ga tsumma yana leƙowa a waɗanda ban kai gare su ba. Ya ce, "Wa ya toshe waɗancan? Tun yaushe?"

Na ce, "Tun da Humaira ta kwanta." Daga nan maganar ta ɓalle, ban san ina da ita ba. Na ce masa tana amai, tana kama ƙirji, duk zuwan buhu sai abin ya ƙaru, na ce don Allah Alhaji kada a buɗe gwangwanin nan. Ina faɗa ina kuka, majina da komai, a gaban Mas'ud.

Alhaji ya miƙe har hularsa ta faɗi. Ya daka wa Mas'ud tsawa ya mayar da gwangwanin mota. Ya ce shi tunda aka tare bai taɓa taka cikin ba, wurin matan aure ne, a saninsa tagogin suna buɗe suna aikinsu kamar kullum, kuma bai san da mai kwana da kai a jikin bangon ba. Mu kuma ba mu taɓa leƙa nasa ɓangaren ba balle mu san me ake sakawa. Ya juya kan Baba ya ce, "Malam Uba, 'yarka na kwance ka zauna nan kana taya ni lissafin buhu?"

Baba ya ce, "Alhaji, kai ka rufa mana asiri, na ga bai dace..."

Ya ce, "Da likkafani zan rufa maka shi?"

Ban taɓa ganin Baba ya yi kuka ba sai ranar.

Motar da ta kawo waken ita ta kai Humaira asibiti a Kiru, buhunan suna baya ba a sauke ko ɗaya ba, Inna da Baba a gaba, jikan Iya Kande ma aka tafi da shi. Na faɗa musu sunan maganin kamar yadda kika ce. Aka sa mata abin numfashi da ƙarin ruwa. Likita ya ce da an ƙara sabon magani a ɗakin nan a toshe, shi bai san me zai ce mana ba. Ni ma an duba ni an ba ni magani. Kwanakin da muka yi a can ba na son tuna su. Ranar da ta buɗe ido ta ce rake take so, Inna sai da ta yi sujada a kan siminti.

Mutanen siton duk a azuzuwan firamare suka kwana har aka kwashe buhunan, aka bar ƙofofi a buɗe iska ta wanke wurin. Alhaji ya ce ko ƙwayar wake ba za ta sake kwana a ginin ba, ya ba da ɓangaren nasa a yanka wa wasu ɗaki. An sa wa tagogin raga saboda jemagu, mai unguwa ya ce duk wadda ta sake cusa tsumma shi da ita. Masu ɗinki sun dawo da kekunansu. Iya Kande ta ce ita har yanzu ba ta yarda babu masu wuri ba, sai dai wataƙila su ma warin ne ya dame su. Amma ta aiko mini da gyaɗa soyayya, kuma ta daina maganar littafi.

Mun koma ɗakin. Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu ina ɗora hannu a cikin Humaira kafin in buɗe ido. In maƙwabciya ta daka tafarnuwa sai in ga na goya ta na yi waje. Shekaranjiya sauro ya cije ni a goshi, na tashi Inna ina nuna mata kamar an ba ni kyauta. Akwai wata tsaka da ta dawo saman bangon, Inna ta ɗauko takalmi, na riƙe hannunta na ce a bar ta. Kullum da safe ita nake fara dubawa, in na gan ta a manne sai in yi salla hankali kwance.

Ɗazu da la'asar ina famfo Mas'ud ya zo wucewa. Ya tsaya nesa, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Raihana, ya mai jiki? Ku yafe mini." Ashe ya san sunana. Na ce da sauƙi, ya tafi. Sai ƙirjina ya buga, Yaya, da ƙarfi. Na saki bokitin na tsaya ina shinshina iska ta ko'ina kamar akuya. Fili ne fetal, babu buhu, babu bango, babu warin komai.

Wannan karon kada ki yi saurin ba ni amsa. Ki karanta sau biyu tukuna.

Ƙanwarki,
Raihana